Wasiƙun Addison Pratt daga tsibirin Tubuai: shi da matarsa, wa ya fi shan wuyar tafiyar?

Baban Iman:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana uku ke nan ina fama da wasu tsofaffin wasiƙu, na ce bari in kawo ku taya ni. Na wani Ba'amurke ne, Addison Pratt, ɗan ɗariƙar Mormon, wanda shugabanninsu suka tura wa'azi tsibiran tekun Pasifik. Ranar 1 ga Yuni 1843 ya bar matarsa Louisa da 'ya'yansu mata huɗu a garin Nauvoo, bakin kogin Misisipi a jihar Illinois. Bai sake sa su a ido ba sai ƙarshen Satumban 1848. Ku lissafa, shekara biyar da wata huɗu.

Wadda ta tsaya mini a rai ita ce wasiƙar da ya rubuta wa matar ranar 17 ga Satumba 1844 daga tsibirin Tubuai. Yana ba ta labarin teku, da yadda mutanen tsibirin suka karɓe shi hannu biyu, da waɗanda ya yi wa baftisma. Mutum cike da murna. Alhali ran nan Joseph Smith, wanda ya kafa ɗariƙar kuma ya tura shi, ya kusa wata uku a kabari. An harbe shi da yayansa Hyrum a kurkukun Carthage ranar 27 ga Yuni. Pratt bai sani ba. Yana rubuta wa gari wasiƙa, garin kuwa ya riga ya birkice.

Maman Faruk:
Wa alaikumus salam. Malam tsaya tukuna. Shekara biyar? Da 'ya'ya mata huɗu? Me ya bar musu za su ci?

Baban Iman:
Hajiya, ba wani abin kirki. Al'adarsu a lokacin mai wa'azi ya fita ba albashi ba guzuri, iyalinsa kuma su ji da kansu. Louisa ɗinki take yi, tana kuma koyar da yara. Da haka ta riƙe gidan, har ta gina ɗan muhalli a Nauvoo.

Maman Faruk:
To ai labarin nata ne, ba nasa ba. Ci gaba dai.

Ɗan Lami:
Ni fa ban gane ba. Mu da muke zauren tarihi, duk tarihinmu bai ishe mu ba sai na wasu Mormon? Su wane ne ma?

Yakubu Jos:
Ɗan Lami, ai ba nisa suke da mu ba kamar yadda kake zato. An kafa cocin a 1830 a jihar New York. Suna kiran kansu Kirista, amma yawancin majami'unmu ba su yarda da koyarwarsu ba, domin suna da wani littafi ƙari a kan Littafi Mai Tsarki, suna kuma ɗaukar shugabansu a matsayin annabi. A Najeriya suna da babban haikali a Aba tun 2005, a Ghana kuma a Akara tun 2004. Abin da zai ba ka mamaki, ta hanyar wasiƙa suka shigo ƙasar nan. Mutane a kudu maso gabas sun yi shekaru suna rubuta wa hedikwatar cocin da ke Salt Lake a jihar Utah ta Amurka wasiƙu a turo musu malamai, ba a turo ba sai 1978, shekarar da cocin ta janye dokar da ta hana baƙar fata riƙe muƙamin limanci.

Ɗan Lami:
Au, har da wannan? To na zauna. Malam ci gaba.

Baban Iman:
Madalla. Su huɗu aka tura: Pratt, Noah Rogers, Benjamin Grouard da Knowlton Hanks. Dalilin zaɓen Pratt shi ne da ƙuruciya ya yi aikin jirgin masu farautar manyan kifayen nan na teku da ake tatsar mai daga jikinsu, har ya zauna a Hawai wasu watanni ya tsinci yarensu. Hawai ɗin ma suka nufa, amma da suka isa tashar New Bedford jirgin da suka samu Tahiti za shi. Sunansa Timoleon, shi ma na mafarauta ne. Suka tashi a Oktoban 1843. Hanks da ma yana fama da tarin fuka, ko wata guda ba su yi ba ya rasu, aka saka gawarsa a teku. Jirgin ya zagaya ta ƙarshen kudancin Afirka, ya ratsa tekun Indiya, sai ƙarshen Afrilun 1844 suka ga Tubuai, wajen kilomita 640 kudu da Tahiti. Kusan wata bakwai a kan ruwa. Pratt ya sauka nan, sauran biyun suka wuce Tahiti.

Baba Na Gidan Waya:
Ku ba ni dama in sa baki, tunda an zo fagena. Shekara talatin na yi ina tantance wasiƙu kafin in yi ritaya. Yaran yanzu ba za su gane abin da Malam yake faɗa ba sai an yi musu bayanin yadda takarda take tafiya a wancan zamani.

Babu gidan waya a Tubuai. In ka rubuta, ajiyewa za ka yi har Allah ya kawo jirgi. Jirgin kuma ba don wasiƙarka ya fito ba, farauta ya fito, ba zai koma gida ba sai ya cika gangunansa da mai, ko da shekara za ta kai. In ya isa tashar Amurka, kyaftin ya miƙa wasiƙun ga shugaban gidan waya, a ba shi senti 2 a kan kowace ɗaya. Daga nan ta hau keken doki da jirgin kogi zuwa Illinois. Kafin 1845, takarda guda da za ta wuce mil 400 kuɗinta senti 25 ne, kwatan dala ke nan, kuma galibi wanda aka aiko wa ne yake biya. Kan sarki ma bai fito a Amurka ba sai 1847. Ba a sa ambulan, domin za a ƙirga shi a matsayin takarda ta biyu a ninka kuɗin. Ninke takardar ake yi, a liƙe da kaki, a rubuta adireshi a bayanta. Wasu in sun cika shafi sai su juya shi a kaikaice su sake rubutu a kan na farko, layi ya gitta layi, duk don tsimi.

Ku duba fa. Matar da take ɗinki don ta ciyar da yara huɗu, ita za ta ciro kuɗi ta fanshi wasiƙar mijinta.

Bilki:
Kai Baba, wannan bayanin ya fi lacca daɗi. Amma ina da tambaya ga Malam. A ina ka ga wasiƙar? Iyalan ne suka adana?

Baban Iman:
Tambaya mai kyau, Bilki. Ta Satumban 1844 ɗin a jaridar cocin ta Nauvoo aka buga ta, mai suna Times and Seasons, a 1845.

Bilki:
Yauwa, abin da nake zargi ke nan. Malam, in haka ne ai ba wasiƙar miji da mata ba ce zalla. Mutumin ya san in ta isa za a karanta ta a taro, wataƙila a kai wa edita. Wanda ya san haka ba zai rubuta cewa ya gaji ba, ko yana shakka, ko ya yi nadamar fitowa. Zai rubuta adadin waɗanda suka tuba ne. Kuma edita ma yana da almakashi, tsakure yake bugawa. Mu a aji an koya mana kafin ka gaskata takarda ka tambayi wa aka rubuta wa, wa kuma ya tace ta.

Baban Iman:
Ban ƙi taki ba gaba ɗaya, amma kin yi masa tsauri. Mutumin ya bar littafin da yake rubuta abin da ya faru kullum, wanda ba don jarida ya yi ba, kuma a ciki kewar iyalinsa a fili take. Babban kukansa shi ne jirgi ya zo ya tafi ba saƙo daga gida, ba kuma daga shugabannin da suka turo shi. Sun yi alkawarin ƙaro masu wa'azi, shiru. Labarin kisan Joseph Smith ma ba a wasiƙar coci suka fara samu ba, ta bakin mutanen jirage da tsofaffin jaridu ya iso musu. Rogers ya kasa jurewa, ya juya gida a 1845, ya isa Nauvoo daidai ana shirin gudu, ya rasu a hanya a 1846.

Bilki:
To ka ga, Malam, da bakinka ka faɗa. Kukan yana cikin littafin sirri, murnar tana cikin jarida. Ni abin da nake cewa ke nan.

Baban Iman:
Kin ci wannan. Amma rabi.

Maman Faruk:
Ku bar ni da maganar jarida. Malam ka ce ana shirin gudu. Gudun me, kuma ita Louisa ina ta shiga?

Baban Iman:
Bayan kashe Smith rikici da maƙwabta bai lafa ba, sai da aka tilasta musu barin Nauvoo. Daga Fabrairun 1846 suka fara ƙetare Misisipi a ƙarƙashin Brigham Young, wanda ya gaji Smith a shugabanci, dubban mutane. Louisa ta haɗa amalanken shanu ta ɗora 'ya'yanta ta bi ayari. A tarihin rayuwarta da ta rubuta da hannunta ta yi ƙorafin cewa waɗanda suka tura mijinta ƙarshen duniya ba su leƙo sun tambaye ta yadda za ta yi tafiyar ba. Suka yi zango a bakin kogin Missouri, wurin da suka kira Winter Quarters, kusa da Omaha ta yau. Can ta zauna a ɗakin da aka haƙa a ƙasa aka rufa da ciyawa. Ciwon nan na rashin ganye da 'ya'yan itace ya kama ta har haƙoranta na gaba suka zube. Ɗaruruwan mutane sun mutu a zangon. Sai a 1848 ta ratsa fako da duwatsu zuwa kwarin Salt Lake.

Maman Faruk:
Innalillahi. Shi yana tsibiri ana kawo masa kifi da kwakwa, ita tana rami haƙora na zuba. Sannan a ce shi ne matafiyi? Wallahi ita ce matafiyiya. Shi jirgi ne ya ɗauke shi, ita da ƙafarta da shanu. Kuma ku lura, duk wasiƙar da ya rubuta bayan 1846 adireshin Nauvoo zai sa, gidan da ba kowa a ciki.

Baba Na Gidan Waya:
Hajiya kin taɓo inda yake mini ciwo. A wurin aiki muna da akwatin wasiƙun da aka rasa masu su. Ba abin da ya kai shi ban tausayi a duk ofishin. A nasu yanayin sai dai a dace wani mai bin ayari ya karɓa ya kai mata da hannu.

Alhaji Sabo:
Hajiya, a yi wa maza adalci mana. Ba yawon buɗe ido ya tafi ba. Abokin tafiyarsa ya mutu a gabansa a teku. Ya isa lokacin da Faransa take yaƙi da mutanen Tahiti, bayan ta ƙaƙaba wa Sarauniya Pomare mulkin kariya a 1842. 'Yan mishan na Ingila da suka riga shi zuwa ba sa son ganinsa. Shi kaɗai a tsibiri, ba ɗan'uwa, bai san ko 'ya'yansa na raye ba. Wanda ya taɓa zaman baƙunta ya san rashin labari ciwo ne. Kakana ya tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan, shekara bakwai, saƙo biyu kacal aka samu daga gare shi, a rubutun ajami, ta hannun masu dawowa. Ba wanda ya ce ya yi laifi.

Maman Faruk:
Alhaji, Allah ya jiƙan kaka. Amma ka taɓa tambayar kakarka mace yadda ta yi shekara bakwai ɗin?

Alhaji Sabo:
Ta rasu ina ƙarami.

Maman Faruk:
Allah ya jiƙanta. Ita ba ta bar rubutu ba, shi ya sa saƙo biyun nan kaɗai kuke tunawa. Louisa ta yi sa'a ta iya alƙalami.

Ustaz Ɗanjuma:
Tunda an kawo kakanni, bari in ɗan gyara wani abu kafin a cakuɗa. A fiƙihun Malikiyya akwai bambanci tsakanin mijin da ya ɓace ba a san inda yake ba da wanda ya yi nisa amma an san wurinsa. Na farko, matar ta kai ƙara, alƙali ya bincika, ya yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Na biyu kuwa ana aika masa ne, ko ya dawo, ko ya ɗauke ta, ko ya sawwaƙe mata, kuma in babu ciyarwa ba sai an jira shekaru ba. Pratt a kashi na biyu zai faɗa. Na faɗa ne don amfaninmu, ba don in yi musu hukunci da shari'ar da ba tasu ba. Ita Louisa ma, bisa abin da Malam ya kawo, ba rabuwa take nema ba. Ta yarda da abin da ya fitar da shi.

Baban Iman:
Haka ne Ustaz, kuma wannan shi zai rikita lissafin Hajiya nan gaba. Amma bari in ƙara wa Alhaji hujja guda. Wilford Woodruff, wanda daga baya ya shugabanci cocin, ya tafi wa'azi Ingila a 1839 yana fama da zazzaɓin cizon sauro, ya bar matarsa Phebe da ciki. 'Yarsu Sarah Emma, mai shekara biyu, ta rasu a Yulin 1840. Sai bayan wajen wata uku wasiƙar ta same shi. Wata uku uba yana sa yarinya a addu'a a matsayin mai rai. Ingila ke nan fa, inda jirage ke kai da kawowa kullum. Ina ga Tubuai.

Yakubu Jos:
Wannan ya taɓa ni. Malam, yaya haɗuwar Pratt da iyalinsa ta kasance?

Baban Iman:
Ya gaji da jira ya bar Tahiti a 1847, ya sauka San Francisco. Can ya tarar da 'yan ɗariƙarsu da suka zo ta teku a jirgin Brooklyn a 1846, ya ji cewa jama'a sun yi yamma. Yana Kalifoniya aka gano zinariya a farkon 1848, kowa ya haukace, shi dai ya bi ayarin tsofaffin sojojin Mormon suka haura duwatsu zuwa Salt Lake. Ya isa kwanaki kaɗan bayan isowar Louisa. Ɗaya daga gabas, ɗaya daga yamma. Autarsu, wadda ya bari tana da shekara uku, ba ta gane shi ba.

Ɗan Lami:
Shi ke nan an zauna lafiya?

Baban Iman:
Ina fa. Shekara guda ya yi aka sake tura shi, a 1849. Wannan karon Louisa da yaran suka bi bayansa a 1850, tare da ƙanwarta Caroline da mijinta. Ta zauna a Tubuai tana koyar da mata da yara karatu da ɗinki. A 1852 hukumomin Faransa suka matsa wa masu wa'azin har suka tattara suka bar tsibiran, iyalin suka zauna a San Bernardino ta Kalifoniya.

A wannan shekarar ce cocin ta fito fili ta bayyana cewa tana auren mace fiye da ɗaya. Hajiya ki riƙe kujerarki. Pratt ne ya ƙi. Bai taɓa ƙara aure ba, kuma abin ya sanyaya masa gwiwa da shugabannin. Louisa ita ce ta tsaya da cocin. Da Brigham Young ya kira mutanen San Bernardino su koma Utah a 1857, lokacin da gwamnatin Amurka ta turo sojoji, ita ta tafi ta zauna a garin Beaver, shi ya tsaya Kalifoniya wurin 'yarsu Frances. Ya rasu a Anaheim a 1872, ita a Beaver a 1880. Yawancin shekarun ƙarshen nan ma da wasiƙa suke gaisawa.

Maman Faruk:
Tabɗijam. Miji ya ce ba ya son yi miki kishiya, ke ki bar shi ki bi masu yi? Na janye rabin tausayina.

Alhaji Sabo:
Alhamdu lillahi, yau Hajiya ta sauko.

Maman Faruk:
Rabi na ce, Alhaji. Da na sake tunani ma, matar da ta binne ƙawayenta a Winter Quarters, ta zubar da haƙora saboda wannan tafarkin, ba za ka zo bayan shekara goma ka ce mata ta juya ba. Ta biya da tsada. Shi bai ga Nauvoo tana watsewa ba, bai kwana a ramin ba. Labari aka ba shi. Shekara biyar ɗin nan kowa da abin da ya gani, kuma ba takardar da za ta ɗauki wannan.

Bilki:
Anti, game da kishiya akwai wata wasiƙar da za ki so. Babbar 'yarsu Ellen tana da ƙawa a Salt Lake, ita ma Ellen, matar Hiram Clawson. A ƙarshen 1856 ƙawar ta rubuto mata San Bernardino cewa mijinta ya shigo da amarya kwana goma da suka wuce, kuma amaryar Alice ce, 'yar Brigham Young kansa. Ta ce zuciyarta ta yi nauyi shi ya sa ta ɗauki alƙalami. Wannan ba a kai wa edita ba. Malam, irin wasiƙar da nake gaskatawa ke nan.

Baban Iman:
Na ji, Bilki. Amma ko ita ɗin, ai ba ta zagi tsarin ba, daurewa take ƙoƙarin yi. Mutum ko ƙawarsa yake rubuta wa yana zaɓen abin da zai faɗa.

Maman Faruk:
'Yar shugaba aka kawo mata, Malam. Wa za ta zaga, a kuma gaban wa? Mu mun san irin wannan shirun.

Baba Na Gidan Waya:
Ni dai ƙarin bayani ɗaya zan yi in tafi masallaci. Wahalar saƙon nan ba ta daɗe ba bayan su. A 1861 wayar tangaraho ta haɗa gabas da yammacin Amurka ta Salt Lake, a 1869 kuma layin dogo ya haɗu a Utah. Tafiyar da Louisa ta yi wata da watanni da shanu ta koma ta 'yan kwanaki. Tubuai dai a lokacin sai jirgin ruwa.

Ɗan Lami:
Baba, wasiƙun nan da ka ce an rasa masu su a ofishinku, me kuke yi da su daga ƙarshe?

Baba Na Gidan Waya:
In akwai adireshin mai aikowa a mayar masa. In babu, a tura sashen da ke da izinin buɗewa ya nemi alama a ciki. An kira salla, ɗana, in na dawo zan ba ka labarin wata da ta yi shekara biyu a kantata.